FASHIN BAƘI: Idan bindiga ta cije a hannun ɗan sintiri

A ƙauyukan da ke kewaye da Fakku, cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, bindiga ta daina zama kayan maharba kaɗai. Yankin ya yi iyaka da Zamfara da Kebbi, kuma dazuzzukan da ke tsakani sun daɗe da zama hanyar 'yan bindiga. Manomin da a da bai saba da komai ba sai garma da fartanya, yau shi ne ke kwana a bakin gari da bindigar da ya gada, ko ya aro, ko wadda unguwa ta haɗa kuɗi ta saya.

An sha muhawara a kan ko ya dace talaka ya riƙe makami. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne halin da mutum ke shiga a lokacin da makamin ya ƙi aiki a hannunsa. Ya ja kunama, ya ji "ƙas", shiru ya biyo baya. Abin da ya aikata cikin minti guda bayan wannan shirun shi ke raba wanda zai koma gida lafiya da wanda zai rasa ido, ko yatsu, ko abokin da ke tsaye kusa da shi.

Wace ce bindiga mai sakata?

Ana kiranta haka ne saboda ƙarfen da ke rufe bayan bututunta yana aiki kamar sakatar ƙofa. Mai harbi zai ɗaga mariƙin, ya ja baya, kwanson da aka harba ya fita. Ya tura gaba, sabon harsashi ya shiga mazauninsa. Ya mai da mariƙin ƙasa, sakata ta kulle. A cikin sakatar akwai wata doguwar allura. Idan an ja kunama, allurar ke dukan ɗan ƙaramin ƙyastun da ke gindin harsashi, shi kuma ya kunna albarushi.

Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10 samfurin .303. Sojojin Birtaniya sun fara amfani da ita a 1895. Da ita sojojin Najeriya suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, an yi yaƙin basasa da ita tsakanin 1967 da 1970, kuma dattawa suna tuna ta a kafaɗar 'yan sanda da sunan Mark 4. Tsufanta bai sa ta ɓace da wuri ba: sai a watan Janairun 2020 ne 'yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya suka yi ban kwana da tasu.

Gaskiya ce cewa a ƙauyukanmu bindigar toka da bindigar harbin tsuntsaye sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Amma mai sakata ita ce mafi sauƙin koyo da ita, domin duk gaɓoɓinta a bayyane suke, kuma ƙa'idar da ke kare mai riƙe da ita tana aiki a kan sauran.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe kafin a ci gaba. A lokacin da harsashin .303 ya tashi, matsin da ke cikin bututu ya ninka iskar tayar mota sau fiye da dubu. Duk wannan ƙarfin hanya ɗaya aka tanadar masa, wato bakin bindiga. Idan hanyar ta toshe, ko sakata ba ta kulle ba, zai nemi wata hanyar, kuma mafi kusa ita ce fuskar mai harbi.

An ja kunama, ba ta tashi ba

Wannan ita ce matsalar da aka fi gamuwa da ita, kuma ita ce ta fi yaudara. Abu biyu ne ke iya faruwa. Ko dai harsashin ya mutu gaba ɗaya, ko kuma wuta ta kama a ciki tana ci a hankali, za ta tashi bayan ɗan jinkiri. Daga waje babu yadda za a bambance su. Tsohon harsashi, ko wanda ya sha laimar damina, ko wanda mai ya shiga cikinsa, shi ya fi yin wannan jinkiri. Harsasan .303 da suka kwashe shekaru a ajiye sun yi suna a kan haka.

Abin da ɗabi'a ke sa mutum ya yi a nan shi ne abin da ke kashe shi. Wani zai sauke bindiga ya juyo wurin abokansa yana cewa "ta ƙi". Wani zai fizge sakata nan take. Wani ma, Allah Ya kiyaye, zai leƙa bakin. Idan harsashin mai jinkiri ne, wanda ya juyo ya harbi abokinsa, wanda ya buɗe sakata kwanso ya fashe masa a fuska.

Masu koyar da harbi a ko'ina sun yi ittifaƙi a kan matakin farko: kada a motsa. Bindiga ta ci gaba da zama a kafaɗa, bakinta na kallon inda aka saita ta, ko kuma wani wurin da harsashi ba zai cutar da kowa ba. A cire yatsa daga kunama. A jira aƙalla daƙiƙa 30. Da yawa suna cewa minti guda cur idan harsashin tsoho ne. A ƙirga da baki, domin mutumin da ke cikin fargaba yakan ɗauki daƙiƙa biyar a matsayin minti.

Bayan an jira, sai a kawar da fuska gefe, a buɗe sakata ba tare da tafin hannu ko wani sashen jiki ya tsaya a bayanta ba, a fitar da harsashin. Daga nan gindinsa zai ba da labari. Idan allura ta lotsa ƙyastun sosai amma bai tashi ba, laifin harsashi ne. Idan ɗan tabo ne kawai, ko babu komai, laifin bindiga ne: ko allurar ta karye, ko ƙarfenta ya yi sanyi, ko ƙura da tsohon mai sun daskare a cikin sakata, abin da ya zama ruwan dare a lokacin hunturu. Harsashin da ya ƙi tashi ba a mai da shi aljihu cikin 'yan'uwansa, ba a jefa shi a wuta, ba a kuma yar da shi inda yara za su tsinta. A ware shi, a miƙa wa jami'in da ke kula da makamai.

Sai kuma batun inda ake kira "wurin da babu haɗari". Harsashin irin wannan bindiga na iya tafiya kusan kilomita uku. Zana ba ta tare shi, ƙofar langa-langa ba ta tare shi, siririyar katangar ƙasa ma ba abin dogaro ba ce. Sama ba mafita ba ce, domin abin da ya hau zai sauko. Tudun ƙasa mai taushi, ko gindin ganuwa mai kauri wadda aka tabbatar babu kowa a bayanta, shi ne wurin da ya dace.

Ƙarar da ba ta kai ba

Matsala ta biyu ta fi ta farko muni, saboda a nan bindigar ta yi kamar ta tashi. An ji ƙara, amma 'yar ƙarama, kamar an fasa leda. Dukan da aka saba ji a kafaɗa bai zo ba. Wataƙila hayaƙi ya bi ta wajen sakata. Ma'anar haka ita ce ƙyastu ya tashi amma albarushi bai ci ba, ko ya ci kaɗan, ƙarfin ya isa ya tura kan harsashi cikin bututu amma bai isa ya fitar da shi ba.

Sakata za ta buɗe lafiya, kwanso zai fita lafiya, sabon harsashi zai iya shiga lafiya. Babu abin da zai nuna cewa akwai dalma maƙale a tsakiyar hanya. Harbi na gaba shi ne zai kumbura bututun ko ya tsaga shi, kuma hannun hagu, wanda ke tallafe da bindigar, yana daidai wurin.

Saboda haka duk harbin da ƙararsa ta saɓa wa yadda aka saba, a tsaya. A jira kamar yadda aka bayyana, a kwashe harsasai duka, sannan a zare sakatar gaba ɗaya. Wannan ita ce babbar fa'idar irin wannan bindiga: da an zare sakata, ana iya duba cikin bututu ta baya, a fuskanci haske, ba tare da an sa ido a baki ba. Idan haske bai fito zagaye tas ba, akwai abu a ciki. Fitar da shi aikin mai gyara ne. Masu cewa a sake harbi don na baya ya kori na gaba suna ba da shawarar da ke raba mutum da hannunsa.

Ba dalma kaɗai ke toshe bututu ba. Wanda ya yi tuntuɓe a fadama da damina, bakin bindigarsa ya soki laka, ya riga ya toshe ta. Wanda ya cusa tsumma don kare ƙurar hunturu ya manta, haka. Bindigar da aka rataye a ɗaki wata da watanni kuwa, zanzaro na iya gina gidansa a ciki. Duba bututu kafin a fita ba ya cin minti guda.

Idan sakata ta ƙi

Wani lokaci sakata kan ƙi rufuwa. Dalilan sanannu ne: yashi a mazaunin harsashi, harsashin da ya lanƙwashe, guntun tsohon kwanso da ya yage ya saura a ciki, ko harsashin da ba na bindigar ba. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin suna na ruɗarwa. Harsashin AK-47 ana ce masa 7.62, na G3 ma ana ce masa 7.62, amma tsawonsu da ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya dace da .303 a cikinsu. Lambar da ke jikin bindiga da wadda ke gindin harsashi dole su zo daidai.

Ko mene ne dalili, ba a dukan mariƙin sakata da dutse ko da ƙafa. Idan harsashi mai rai ya maƙale ya ƙi fita, ba a zura masa ƙarfe ta baki a daka, domin mai dakan ya sa hannunsa da kansa a kan hanyar harsashi. Idan kuma bayan harbi ne sakata ta yi tauri fiye da kima, alama ce ta matsin da ya wuce ƙa'ida, kuma sauran harsasan da suka zo tare da wannan abin zargi ne. Lee-Enfield tana da tata matsalar ta daban: gindin harsashinta na da leɓe, idan leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai su riƙe juna. Cire gidan harsashi da sake jera su ya wadatar.

Wajen kwashe harsasai akwai tsari, kuma juya shi ya jawo asarar rayuka da dama. Gidan harsashi ake fara cirewa ko a zazzage, sannan a ja sakata, sannan a duba mazaunin da ido, a kuma taɓa da yatsa idan dare ne. Wanda ya fara jan sakata ya mai da ita kafin ya cire gidan, ya ɗora sabon harsashi da hannunsa, yana kuma ganin bindigarsa babu komai.

Bindigar da ta cije da harsashi a ciki ba a miƙa wa aboki "ya gwada", ba a goya ta a babur tsakanin mutum biyu, ba a shiga da ita cikin gida a jingine. A bar ta a wuri keɓaɓɓe, bakinta na kallon ƙasa, wani na tsaronta, a kira wanda ya san aikin, a kuma gaya masa tun daga nesa cewa akwai harsashi a ciki.

Makulli ma ƙarfe ne

Da yawa suna dogara da makullin da ke hana kunama aiki, suna ganin idan an sa shi an gama. Wani lamari da ya faru a Amurka ya isa darasi. Remington 700, wadda aka fara sayarwa a 1962, na cikin bindigogin farauta masu sakata da suka fi yaɗuwa a duniya. Shekara da shekaru masu ita suna ƙorafin cewa takan tashi ba tare da an taɓa kunama ba, musamman a lokacin da aka cire makulli. A shekarar 2000, a jihar Montana, wata uwa na ƙoƙarin kwashe harsasai daga irin wannan bindiga sai ta tashi. Harsashin ya ratsa tirelar dawakin da ta saita, ya sami ɗanta mai shekara 9 da ke bayanta, ya rasu. Tashar CNBC ta yi dogon bincike a kan batun a 2010. Kamfanin ya yi ta musanta cewa ƙirar na da aibi, amma daga baya ya amince da sulhun da ya shafi sauya kunamar bindigogi kusan miliyan 7.5.

Wannan fa bindigar masana'anta ce, a ƙasar da ke da kotunan da ke sauraren irin waɗannan ƙararraki. Sai a auna da wadda ta wuce hannu goma, aka goge mata kunama da zarto don ta yi laushi. Bindigar da ta taɓa tashi da kanta sau ɗaya, ko a lokacin rufe sakata ko cire makulli, ta gama aiki har sai ƙwararre ya duba ta.

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, jinkirinta ya fi tsawo, don haka jiran da ake yi mata ya kai minti ɗaya zuwa biyu. Haɗarinta na musamman shi ne ɗuri a kan ɗuri: ta ƙi tashi, mai ita ya manta ko ya yi zaton ta zube, ya ƙara wani. Zuba albarushi a bututun da garwashi bai gama mutuwa a ciki ba shi ma yana ƙone hannu da fuska. Tsofaffin maharba sun san wannan, sukan yi alama a jikin sandar ɗuri don su gane ko akwai abu a ciki. Matashin da tsaro ya tilasta wa ɗaukar bindiga bai zauna a gaban Sarkin Baka ya koya ba.

Inda siyasa ta shigo

Nan ne batun ya wuce na ƙarfe. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin mallakar bindiga. A Sakkwato, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya taɓa wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai, ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a ƙarshen 2021. Daga baya jihohin suka koma kafa rundunoninsu: Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024, sai rundunar tsaron al'umma ta Sakkwato da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar cikin shekarar 2024.

Dokar da ke tafiyar da mallakar bindiga kuwa ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kan ƙasar. Ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma bindigogin soja samfurin .303 da 7.62 suna cikinsu. Mallakarsu ba da izini ba na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Akwai na amfanin kai, irin na farauta, waɗanda ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai masu ɗuri ta baki, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, da mai raunin gani, da mai taɓin hankali. Ta kuma hana gyaran bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izinin hukuma.

A nan giɓin yake. An ce wa mutum ya kare kansa, amma idan bindigarsa ta lalace, kai ta wurin hukuma na iya zama kai kansa ga tuhuma, maƙerin da zai duba masa ita kuma yana aiki ne a ɓoye. Sakamakon shi ne kowa ya zama mai gyaran kansa, da ƙusa da guduma, a cikin zaure. A ganina wannan bai zama hujjar a buɗe ƙofa kowa ya mallaki makami ba. Yawan bindigogi a hannun jama'a na daga cikin abin da ya kai Arewa maso Yamma inda take. Amma gwamnatin da ta ɗauki matasa aikin tsaro, ko ta kawar da kai ga mafarautan da ke taya ta, ta ɗauki nauyin abin da ke hannunsu.

Tambayoyin da ya kamata matasan Kebbe da Tambuwal su yi wa kansilolinsu da 'yan majalisarsu ba su da wuya. Kwana nawa aka ware wa koyar da kula da makami a horon da aka ba dakarun? Wa ke duba bindigoginsu, kuma bayan wata nawa? A ina ake ajiye harsasai da damina? Idan bindiga ta fashe a hannun ɗan sintiri yana bakin aiki, wa zai biya kuɗin asibiti? A ranar ƙaddamarwa ana nuna babura da motoci da kaki, domin su ne ke fitowa a hoto. Mai gyaran makamai guda ɗaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ba ya fitowa a hoto, kuma albashinsa bai kai kuɗin mota ɗaya ba.

Idan abin ya riga ya faru

Idan an ji rauni, abu na farko shi ne a ajiye bindigar bakinta na kallon wurin da babu kowa, domin wadda ta tashi sau ɗaya na iya sakewa. Sai a danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Ba a zuba toka ko ƙasa ko garin magani. Ba a tono dalma ko ɓaraguzan ƙarfe. Idan ido ne, a rufe shi ba tare da an matsa ba. Daga Fakku zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta sa'o'i, don haka asibiti mafi kusa ake fara nufa a tsayar da jini.

Mutane da yawa sukan ɓoye irin wannan rauni a gida saboda tsoron a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Tun watan Disambar 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an biya kuɗin farko ko ba a biya ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'o'i biyu da fara maganin, kuma dokar ta hana a musguna wa wanda ya taimaka ya kawo majinyacin.